Bashin da aji ya ci, aji ne zai biya: tarihin 'yan asalin Kanada a makarantu

A watan Yunin 2015 Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta Kanada, ƙarƙashin Mai shari'a Murray Sinclair, ta ajiye wa ƙasar buƙatu 94 bayan ta shafe shekaru tana sauraron mutum fiye da 6,500. Buƙata ta 62 ce ta dame ni a wannan rubutu. Ta nemi gwamnatin tarayya da ta larduna su wajabta koyar da abu uku ga kowane ɗalibi, tun daga ajin share fage har zuwa aji 12: tarihin makarantun kwana da aka tsare 'ya'yan 'yan asalin ƙasar a cikinsu, yarjejeniyoyin da aka ƙulla da kakanninsu, da gudummawar da suka bai wa Kanada jiya da wadda suke bayarwa yau. Ta kuma ce a tsara darasin daidai da shekarun yaro, kuma a tsara shi tare da mutanen da abin ya shafa.

Ina goyon bayan wannan buƙata ba tare da inda-inda ba. Sai dai ina ganin inda ake yawan sassauta ta shi ne tsakiyarta, wato maganar yarjejeniya, alhali a nan ne ƙashin bayan darasin yake.

Da yawanmu mun fara jin labarin waɗannan mutane ne a fina-finan kaboyi, inda ake nuna su da gashin tsuntsu a ka, suna ihu a kan dawaki, ana harbe su ɗaya bayan ɗaya, 'yan kallo suna tafi. Har yau akwai masu ce musu Indiyawan daji. Abin takaicin shi ne yaron da ya tashi a Toronto a shekarun 1970 bai fi mu sanin su da wani abin kirki ba. Tsarin mulkin Kanada na 1982 ya ambaci rukuni uku: Al'ummomin Farko, Inuit na can arewa mai ƙanƙara, da Métis, zuriyar auratayyar 'yan asali da Turawa. Ƙidayar 2021 ta nuna sun kai kimanin miliyan 1.8, kashi 5 cikin 100 na mutanen ƙasar. Al'ummomin Farko kaɗai sun haura 600, harsunan da ake yi kuma sun haura 70. Tsakanin mutumin Haida da ke bakin tekun yamma da mutumin Mi'kmaq da ke gabas akwai nisan harshe da al'ada wanda bai gaza na Bahaushe da Bazulu ba.

Dalilin da ya sa na ce makaranta ce ke da bashin shi ne da makaranta aka yi ɓarnar. Ba a fagen daga aka fi karya waɗannan al'ummomi ba; a ɗakin kwanan yara aka karya su. Daga 1883 gwamnatin tarayya ta shiga harkar makarantun kwana gadan-gadan, tana ba da kuɗi, coci-coci suna gudanarwa. Katolika ce ta riƙe mafi yawansu, sai Angilikan da Methodist da Presbyterian. Firaminista John A. Macdonald ya tsaya a majalisa a wannan shekarar ya bayyana manufar ƙarara: yaron da ke karatu yana kwana a gidan iyayensa zai fito ne da ɗabi'unsu, don haka a raba shi da su. A 1920 aka gyara Dokar Indiyawa ta 1876, zuwa makaranta ya zama tilas ga yara daga shekara 7 zuwa 15, kuma Duncan Campbell Scott, babban jami'in ma'aikatar da ke kula da lamarin, ya faɗa wa kwamitin majalisa cewa burinsa shi ne a wayi gari babu wani Ba'indiye a Kanada da bai narke cikin sauran jama'a ba. Yara kusan 150,000 suka bi ta waɗannan makarantu. Ta ƙarshe da gwamnatin tarayya ke riƙe da ita, a Punnichy ta lardin Saskatchewan, sai a 1996 aka rufe ta. Wanda aka haifa a shekarar, yanzu ne yake shiga shekara talatin. Wannan ba labarin kaka da kakanni ba ne.

Ana isowa da yaro sai a aske masa kai, a karɓe kayan da ya zo da su, a ba shi lamba, wani lokaci a sauya masa suna. A raba wa da ƙanwarsa ko da suna gini ɗaya. In aka ji ya yi harshen uwarsa, duka. An yi yunwa, an yi aikin gona da wanki da sunan koyon sana'a, an yi lalata da yara wadda waɗanda suka tsira ba su iya faɗa ba sai da furfura ta fito musu. Kuma hukuma ba ta da hujjar cewa ba ta sani ba. A 1907 likitan ma'aikatar da kanta, Dokta Peter Bryce, ya zagaya makarantun yamma ya rubuta cewa kusan kashi 24 cikin 100 na ɗaliban makarantun da ya samu bayanansu sun mutu, yawanci da tarin fuka, saboda cunkoso da rashin iska da haɗa mai lafiya da mara lafiya a ɗaki ɗaya. Ya faɗi abin da za a yi. Aka yi watsi da shawararsa, daga baya aka tura shi ritaya, har a 1922 ya buga bayanin da kansa yana kiran abin laifin ƙasa. Cibiyar da ke ajiye bayanan hukumar gaskiya tana da sunayen yara fiye da 4,000 da suka mutu a makarantun. Iyaye da yawa ba a ko sanar da su ba, balle a kai musu gawa.

A watan Oktoban 1966 wani yaro mai shekara 12, Chanie Wenjack, ya gudu daga makarantar Cecilia Jeffrey da ke Kenora a Ontario. Gida ya nufa, tafiyar kilomita kusan 600, yana bin layin dogo da 'yar riga mara nauyi cikin sanyin ƙarshen kaka. A gefen layin aka tsinci gawarsa. A shekarar da ya mutu, sa'o'insa a biranen kudu suna zaune a aji ana koya musu cewa tarihin Kanada ya fara ne ranar da jirgin ruwan Bature ya taɓa gaɓa.

Wannan shi ne ɓangare na biyu na ɓarnar, kuma ba a cika maganarsa ba. Yayin da aji ɗaya ke koya wa ɗan asalin ƙasa cewa shi ba kowa ba ne, ɗaya ajin yana koya wa ɗan Bature abu guda ta hanyar yin shiru. Sinclair, wanda ya rasu a Nuwamban 2024, ya sha nanata wannan: ilimi ne ya jefa ƙasar cikin wannan hali, ilimi ne kuma zai fitar da ita. Yaron da bai taɓa jin labarin makarantun kwana ba yana girma ya zama ɗan sanda, ko nas, ko alƙali, ko jami'in jin daɗin yara. Ranar da ya ga mutum kwance a titin Winnipeg da kwalba a hannu, ba shi da wani bayani sai cewa halinsu ne. Bai san cewa uwar mutumin an ɗauke ta tana shekara shida ba, ta girma ba ta ga yadda uwa ke rarrashin ɗa ba, ta haihu ba ta san ta inda za ta fara ba. Ƙidayar 2021 ta nuna 'ya'yan 'yan asali ba su kai kashi 8 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 15 ba, amma sun haura rabin yaran da hukuma ta ɗauka ta ba wasu riƙo. Wanda ke sa hannu a takardar ɗauke yaro daga gidansu ya kamata a ce ya san cewa hannu nawa suka riga shi sa wannan hannun, da abin da ya biyo baya.

Babbar hujjar masu ja da baya ita ce yara ƙanana ba za su iya ɗaukar wannan labari ba. A 2020 wasu takardun shawara da aka shirya wa gwamnatin lardin Alberta suka fito fili, inda aka ba da shawarar a jinkirta maganar makarantun kwana har sai yara sun ƙara girma, don abin ya yi nauyi ga 'yan ƙananan azuzuwa. Ban raina wannan damuwa ba. Duk wanda ya taɓa kwantar da yaron da ya farka da mugun mafarki ya san ba komai ake faɗa wa ɗan shekara shida ba. Amma hukumar ba ta ce a karanta wa 'yan aji ɗaya shaidar fyaɗe ba. Cewa ta yi daidai da shekaru, kuma malamai sun riga sun gano yadda ake yi.

Phyllis Webstad tana da shekara shida a 1973 lokacin da kakarta ta saya mata sabuwar riga ruwan lemo don ranar farko a makarantar St. Joseph kusa da Williams Lake. Tana isa aka tuɓe mata ita, ba ta sake ganinta ba. Daga labarinta aka fara Ranar Riga Ruwan Lemo a 2013, kowace 30 ga Satumba, watan da ake zuwa kwashe yara, kuma a 2021 ranar ta zama hutun tarayya. Ɗan shekara shida ya san daɗin sabuwar riga, ya san kaka, ya san zafin a ƙwace maka abinka. Ya fahimci labarin tsaf, ba tare da an nuna masa kabari ba. In ya kai aji biyar sai a ƙara masa dalilin da ya sa aka yi haka da waɗanda suka yi. In ya kai sakandare a ba shi rahoton Bryce ya karanta da idonsa, ya tambayi kansa me ya sa likita ya faɗa aka ƙi ji. Sannan a tuna cewa a cikin ajin da ake cewa yara sun yi ƙanƙanta akwai jikokin waɗanda aka yi wa abin. Su sun riga sun san labarin daga gida, ko daga abin da kaka take faɗa, ko daga abin da ta kasa faɗa. In malami ya yi shiru, abin da suke ji shi ne ciwon gidansu bai isa a ambata ba.

Duk da haka ina da tsoro a kan yadda darasin ke tafiya a wurare da yawa. Ana iya mayar da shi abin rana ɗaya a shekara: a sa riga, a yi shiru na minti ɗaya, a koma lissafi. Ana kuma iya mayar da shi biki, yara su yanka takarda su yi hular gashin tsuntsu, su zana tanti, a ce an koyi al'ada. Ta hanyar farko yaro zai fita da tunanin cewa waɗannan mutane abin tausayi ne kawai. Ta biyu kuma zai ɗauka mutanen da ne da suka shuɗe. Wani bincike da aka buga a 2015 kan manhajojin jihohin Amurka 50 ya gano cewa kusan kashi 87 cikin 100 na abin da aka tanada game da 'yan asalin ƙasar ya tsaya ne kafin shekarar 1900. Yaron da aka koya wa haka zai yi mamaki in ya ga Ba'inuwit da wayar salula.

Shi ya sa nake cewa a fara da alkawari. Tsakanin 1871 da 1921 gidan sarautar Ingila, ta hannun gwamnatin Kanada, ya ƙulla yarjejeniyoyi 11 masu lamba da Al'ummomin Farko, waɗanda suka shafi filaye daga arewacin Ontario har zuwa duwatsun yamma da can arewa. Ɗauki ta shida, wadda aka sa wa hannu a 1876 a Fort Carlton da Fort Pitt. Shugabannin Cree irin su Mistawasis da Ahtahkakoop ba su zo a matsayin waɗanda aka ci da yaƙi ba. Sun ga ɓaunan dajin da rayuwarsu ta dogara a kai yana ƙarewa, sun ga agana ta yi musu ɓarna, sai suka zauna ciniki da idon basira. Suka sa aka rubuta cewa za a ajiye akwatin magani a gidan wakilin gwamnati, za a kawo musu ɗauki in yunwa ko annoba ta faɗo, za a ba su kayan noma, kuma za a buɗe musu makaranta a yankinsu in sun nema. A yankinsu, inda yaro zai yi karatu ya dawo ya ci tuwon uwarsa. Su ne suka nemi ilimi, suka sa shi a takarda. Abin da aka ba su shi ne ginin da ke nesa da kwanaki, mai shinge, wanda ake kai yaro ba a san ranar dawowarsa ba. Kuma da yunwar ta zo bayan 'yan shekaru, hukuma ta riƙe abinci ta mayar da shi sandar kora, don tilasta wa mutane barin hanyar da layin dogo zai bi.

In aka koya wa yaro labarin a wannan jeri, komai ya sauya. Makarantar kwana ta tashi daga wani abin baƙin ciki da ya faru, ta zama saɓa alkawari da aka yi da sunan ƙasa. Mutanen da aka yi wa ba masu neman sadaka ba ne. Masu bin bashi ne. Kuma yaro ya san nauyin alkawari tun kafin ya iya rubuta sunansa. Har yau a wasu yankuna ana taruwa kowace shekara a ba kowane mutum dala 5, kuɗin da aka rubuta a yarjejeniya tun ƙarni na 19 ba a taɓa ƙara shi ba. Malamin da ya ajiye takardar dala 5 a gaban 'yan aji shida ya tambaye su nawa take saye a 1876, nawa take saye yau, me aka karɓa a madadinta, ya koyar da tarihi da lissafi da adalci a zama ɗaya. Lardin Saskatchewan ya gane haka tun kafin hukumar gaskiya ta gama aikinta, inda daga 2007 ya ɗauki matakin wajabta darasin yarjejeniyoyi a dukkan azuzuwa, da kalmar da suke yawan maimaitawa cewa kowa a lardin ɗan yarjejeniya ne. Ma'anarta ita ce gonar alkamar da Bature ya gada da gidan da baƙo ya saya jiya duk a kan wannan takarda suke tsaye. Sannan a gaya wa yaran British Columbia cewa mafi yawan lardinsu ba a taɓa ƙulla wata yarjejeniya a kansa ba, su yi tunanin abin da hakan ke nufi.

Bayan alkawari sai ilimin mutanen da kansa, a koyar da shi a matsayin ilimi. A hunturun 1535 zuwa 1536 mutanen Jacques Cartier, matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, suna mutuwa a kusa da inda birnin Quebec yake yau, da ciwon nan na rashin ɗanyen abinci mai ruɓar da dasashi. Domagaya, ɗan sarki Donnacona, shi ya nuna musu yadda ake dafa ɓawo da ganyen wata bishiya a sha, suka warke. Da bazara ta yi Cartier ya kama Donnacona da 'ya'yansa ya tafi da su Faransa, sarkin bai sake ganin ƙasarsa ba. Littattafan da sukan ambaci Cartier su tsallake wanda ya cece shi. Haudenosaunee, 'yan asalin da ke gabas, suna da tarayyar al'ummomi biyar, daga baya shida, da dokar zaman lafiya da ta girmi zuwan Turawa, inda iyaye mata na zuri'a ke zaɓar shugaba kuma su ke tuɓe shi in ya kauce. Suna shuka masara da wake da kabewa a rami ɗaya, masara ta zama matokarin wake, wake ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya riƙe laima. Manomin da ke haɗa gero da wake a gonarsa ba ya buƙatar a yi masa bayanin hikimar. Wannan darasin kimiyyar noma ne da na tsarin mulki, wurinsa cikin waɗannan darussa, ba sai an jira makon al'adu ba.

A kuma kawo labarin har zuwa yau. An hana potlatch, bikin rabon kyaututtuka na mutanen gaɓar yamma, da doka tun daga tsakiyar shekarun 1880 har 1951, amma ana yinsa yanzu. Sai a 1960 aka bar 'yan Al'ummomin Farko su yi zaɓen tarayya ba tare da sun sarayar da matsayinsu ba. A 1999 aka kafa yankin Nunavut inda Inuit ke da rinjaye. A 2021 Mary Simon, Ba'inuwiya, ta zama gwamna janar, a 2023 kuma Wab Kinew ya zama firimiyan Manitoba.

Wa zai koyar? Ilimi a Kanada a hannun larduna yake, shi ya sa abin ya zama wani wuri gaba, wani wuri baya. Yankunan Arewa maso Yamma da Nunavut sun wajabta darasin makarantun kwana a aji 10 tun 2012. British Columbia ta sa sharaɗi daga zangon 2023 zuwa 2024 cewa ba wanda zai kammala sakandare sai ya yi kwas a kan 'yan asali. A Ontario kuwa, a Yulin 2018 sabuwar gwamnati ta soke zaman rubuta manhaja da aka gayyaci dattawa da malamai 'yan asali, ana saura kwanaki kaɗan a fara. Daga baya lardin ya ƙara darasin a aji 1 zuwa 3, amma wanda ya shirya kayansa zai zo ya faɗi abin da aka yi masa yana yaro, aka ce masa ya zauna a gida, ba zai manta ba. Yawancin malaman da ke aji yau su ma ba a koya musu wannan tarihi ba, kuma da yawa suna gudun darasin don tsoron kada su yi kuskure. Maganin wannan horo ne da kuɗi, da kuma buɗe ƙofar aji ga dattawan al'ummar da makarantar ke zaune a kan ƙasarta, a biya su ladan aikinsu kamar kowane ƙwararre. Yaron Halifax ya fara da Mi'kmaq, na Winnipeg ya fara da Anishinaabe da Cree da Métis da Louis Riel wanda ya jagoranci kafa lardinsa a 1870 aka kuma rataye shi a 1885.

Kuma a faɗi gaskiya daidai yadda take, ba ƙari. A Mayun 2021 al'ummar Tk'emlúps te Secwépemc ta sanar cewa na'urar hango ƙarƙashin ƙasa ta nuna alamun da ake zaton kaburbura ne 215 a harabar tsohuwar makarantar Kamloops, daga baya aka ce kusan 200. Alamu ne, na'urar ba ta ganin ƙashi, kuma al'ummar ce ke da ikon yanke ko za a tona. Wasu sun kama wannan suna cewa ai duk labarin ƙarya ne. Malami ya gaya wa ɗalibansa abin da na'urar ke iya nunawa da abin da ba ta iyawa, sannan ya nuna musu rajistar mutuwa da takardun gwamnati da na coci waɗanda suke nan tun kafin Kamloops. Firaminista Stephen Harper ya nemi gafara a majalisa ranar 11 ga Yunin 2008, Fafaroma Francis ya zo Maskwacis a Alberta a Yulin 2022 ya nemi tasa. Ba a neman gafarar abin da bai faru ba.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ba daidai ba ne a koya wa yaran birni girmama 'yan asali alhali 'ya'yan 'yan asalin suna karatu a makarantar da ba ta da ɗumi. A Attawapiskat da ke arewacin Ontario an rufe makarantar firamare a 2000 saboda man dizal da ya malala ƙarƙashinta, aka mayar da yara cikin ɗakunan wucin gadi shekara da shekaru. Shannen Koostachin tana da shekara 13 ta je Ottawa a 2008 ta tsaya gaban minista tana neman makaranta. Ta rasu a haɗarin mota a 2010, tana da shekara 15, a can kudu inda ta tafi neman sakandare nesa da gida. Sai a 2014 aka buɗe sabuwar makarantar. Labarinta ya cancanci shiga manhaja, kuma duk gwamnatin da ta sa shi a littafi dole ta iya nuna abin da take kashewa a kan makarantun yankunan da aka keɓe wa 'yan asali da kan malaman harsunan da makarantun kwana suka kusa kashewa.

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Kanada a waje aka haife shi, kuma cikinsu akwai 'yan uwanmu da suka tafi karatu ko aiki. Na san abin da uba zai ce in ɗansa ya dawo da wannan darasi: mu ba kakanninmu suka yi ba, mu ma an yi mana mulkin mallaka. Gaskiya ne. Amma ba laifi ake ɗora wa yaron ba. Wanda ya sayi gida ya gaji iyakar da mai gidan farko ya yi da maƙwabta, ko ya san su ko bai san su ba. Tun daga 2021 rantsuwar zama ɗan ƙasa ta ƙunshi amincewa da haƙƙoƙin 'yan asali da na yarjejeniyoyi, wato buƙata ta 94 ke nan. Uban ya ɗaga hannu ya rantse a kai. Ya kamata ɗansa ya san abin da ya rantse a kansa. Kuma mu da a makarantunmu aka ci tarar yara ko aka zane su don sun yi Hausa a aji, bai kamata wannan labari ya yi mana wuyar ganewa ba, duk da cewa mu da yamma gida muke komawa a yi mana magana da harshenmu.

A gida Najeriya ma akwai inda tambayar ta taɓa mu kai tsaye. Dokar soja mai lamba 6 ta Fabrairun 1976 ce ta kafa Babban Birnin Tarayya, aka riƙa maganar wurin kamar fili ne da ba kowa. Alhali Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da wasu suna can da gonakinsu da kaburburan iyayensu. An tashi ƙauyuka, an sake tsugunar da wasu, maganar diyya har yau ba ta mutu ba. Yaron da ke makaranta a Maitama ko Garki yana riƙe naira 20 mai hoton Ladi Kwali kullum, amma nawa ne cikinsu aka gaya wa cewa mai ginin tukwanen nan 'yar wannan ƙasa ce da suke takawa, ko a ina mutanen da ke zaune a unguwarsu kafin 1976 suke yanzu? Ƙasar da ta cire tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare tsawon shekaru, sai kwanan nan take ƙoƙarin dawo da shi, tana da damar sa wannan a ciki tun daga tushe. Na san maganar ɗan ƙasa da baƙo ta zubar da jini a Jos da wasu wurare, kuma akwai masu tsoron kada irin wannan darasi ya zama makamin korar maƙwabci. Tsoron yana da tushe, domin a wurinmu takardar shaidar asali ce ke raba gurbin karatu da aikin gwamnati. Darasin da nake nufi ba ya cewa wane ya tashi. A Saskatchewan yarjejeniyar da ake koya wa yara ita ce ta ba baƙo izinin zama, ita ce kuma ta ɗora masa haƙƙin wanda ya tarar. Manhajar makarantun Abuja za ta iya farawa da sunayen ƙauyukan da aka tasa, da abin da aka yi musu alkawari a 1976, da dattawan Gbagyi da ke raye waɗanda suka ga ranar da motocin rusau suka iso.